KEKEN DAJI DA AYARINSA: DAGA GIDAN SORI ZUWA GAZAWA

Duk wanda ya taɓa bin turbobin da ke ratsa gonaki tsakanin Gidan Sori da Tsibiri, cikin gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, ya san abin da rairayi ke yi wa mai keke. Mutum ya taso da asuba yana murza feda cikin nishaɗi, da ya sauka daga burji ya shiga jigawa sai ƙafar gaba ta nutse, kan keke ya kama rawa, tilas ya sauka ya tura. In ya tsira daga rairayi, ga tsidau da ƙayar aduwa can gaba suna jiransa. Wannan ne ya sa da yawa daga cikin mutanenmu suka yanke cewa keke abin cikin gari ne, tafiya mai nisa kuwa sai babur, ko mota, ko amalanke.

To, ƴan'uwa masu karatu, akwai wani irin keke da aka ƙera musamman domin mugunyar hanya. Yau ana ganinsa a kasuwannin Maraɗi cikin kekunan gwanjo da ake kawowa daga ƙasashen waje, ƙafafunsa masu kauri, tayarsa mai haƙora. Da Faransanci ana taƙaita sunansa da haruffa uku, VTT, ma'ana keken da ke bin kowace irin ƙasa. Masu Ingilishi kuwa keken tsauni suke ce masa. Mu da yake ƙasarmu ta Gobir da Katsina ba ta da tsaunuka sai jigawa da fadama, za mu kira shi keken daji. A ƙasashe da dama mutane sukan haɗa ƙungiya su hau irinsa su yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Abin da muke so mu duba a yau shi ne yadda ake wannan tafiya, da abin da take bukata in za a yi ta a ƙasarmu.

Asalin keken daji

Keke mai ƙafa biyu daidai wa daida, mai sarƙa, irin wanda muka sani, wani Bature ne mai suna John Kemp Starley ya fito da shi a Ingila cikin shekarar 1885. Bayan shekara uku, a 1888, John Dunlop ya yi masa taya mai iska. Irin wannan keke ne ya iso mana a zamanin Turawa, har sunan Raleigh ya zama abin alfahari ga malaman makaranta da ƴan kasuwa.

Keken daji kuwa ɗan baya ne. Cikin shekarun 1970 wasu samari a yankin Marin na jihar Kalifoniya, ƙasar Amurka, suka riƙa tsintar tsofaffin kekuna masu faɗin taya suna gangarowa da su daga kan tudu. A 1976 suka fara wata gasa da suka sa wa suna Repack, domin kafin a kai ƙasa man birki ya ƙone, sai an sake cusa wani. Ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera sabon keke domin wannan aiki a 1977. Gary Fisher da Charlie Kelly da Tom Ritchey suka shiga ƙerawa da sayarwa a 1979, sa'an nan kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper a 1981, wanda aka yi da yawa ya shiga hannun jama'a. An yi gasar duniya ta farko a garin Durango a 1990, kuma wasan ya shiga wasannin Olimpik a birnin Atlanta a 1996. Afirka ma ba a bar ta baya ba: Adrien Niyonshuti na ƙasar Ruwanda ya hau keken daji a wasannin Olimpik na Landan a 2012, shi ne ma ya riƙe tutar ƙasarsa ranar buɗewa.

Me ya raba shi da keken da muka saba?

Abu na farko shi ne taya. Faɗinta yakan kai santimita 5 ko fiye, saboda haka nauyin mahayi yana bazuwa bisa rairayi, kamar yadda faffaɗar ƙafar raƙumi ke hana shi nutsewa inda jaki ke wahala. In an rage mata iska kaɗan, sai ta ƙara shimfiɗuwa ta ƙara kama ƙasa. In an hau kwalta sai a mayar mata da iskarta.

Na biyu shi ne abin canza gudu, wanda direbobi ke kira giya ko bitas. Yawancin waɗanda ake samu a kasuwanninmu suna da faifai uku a gaba, bakwai a baya, watau canji 21. Amfaninsa shi ne mahayi ya sassauta feda in ya shiga rairayi ko zai hau tudu, ƙafarsa ta riƙa juyawa da sauri ba tare da ya danna da ƙarfi ba. Wanda ya nace wa giya mai nauyi cikin jigawa, gwiwarsa ce za ta biya.

Na uku, kansa miƙaƙƙe ne mai faɗi, yana ba hannu ikon riƙe shi in ƙafar gaba ta so kaucewa. Birkinsa yana kamawa ƙwarai, ƙarfensa kuma yana jure gargada. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Keken daji ya fi tsohon keke yawan kayan da kan lalace, ƙura tana cin sarƙarsa, kuma ba kowane mai faci na ƙauye ba ne ke da kayan gyaransa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ba a son mutum ya yi nisa da shi shi kaɗai.

Waɗanda suka riga mu

Tafiya mai nisa cikin ƙungiya bisa mugunyar hanya ta ma girmi keken daji. A 1897 wasu sojoji baƙar fata su 20 na rundunar Amurka, ƙarƙashin wani hafsa mai suna James Moss, sun taso daga Missoula zuwa birnin Saint Louis bisa kekuna marasa giya. Sun yi wajen kilomita 3,000 cikin kwana 41, ta cikin taɓo da duwatsu da rairayi, kowa ɗauke da bindigarsa da guzurinsa, kuma akwai mai gyara cikinsu.

A nahiyarmu, cikin 2003 aka fara wata tafiya mai suna Tour d'Afrique. Mutum 33 suka taso daga Alƙahira ta ƙasar Masar, suka bi ta Sudan da Habasha da Kenya da Tanzaniya, har suka kai birnin Kef a ƙarshen kudancin Afirka. Tafiyar ta haura kilomita 10,000, ta ci wajen wata huɗu, motoci na biye da su ɗauke da ruwa da abinci da tantuna.

A 2004 kuma aka kafa gasar Cape Epic a Afirka ta Kudu, ta keken daji zalla, ana yin ta kwana takwas bisa ɗaruruwan kilomita na duwatsu da gonaki. Akwai wata doka a wannan gasa da ta cancanci mu tsaya a kanta. Mutum biyu biyu ake shiga, kuma ba a yarda ɗaya ya ba abokinsa ratar da ta wuce minti biyu ba. Wanda ya tsere ya bar ɗan'uwansa a baya, horo ake yi masu su duka. Ashe ko a wajen tsere, inda kowa ke neman zama na ɗaya, masu abin sun gane cewa daji ba ya son mutum ɗaya.

Ayari ba baƙonmu ba ne

Wannan doka ba sabuwa ba ce ga Bahaushe. Kakanninmu fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja sayen goro, suna ƙetare Kwara su bi ta ƙasar Bargu har kasuwar Salaga, a cikin ƙasar Gana ta yau. Tafiya ce ta watanni, da jakuna da ƴan alaro, kuma ba a yin ta sai da tsari. Akwai madugu, wanda shi ke da faɗa a ji, shi ke sa ranar tashi da wurin sauka, shi ke magana da sarakunan hanya. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya. Akwai uban dawaki mai taimakon madugu, akwai malamin ayari mai riƙe lissafi da addu'a. Inda aka kwana shi ne zango, kalmar da har gobe take sunan unguwannin Hausawa a Kumasi da Akara da Lome. Buzaye masu kai raƙuma Bilma ɗaukar gishiri su ma madugu suke ce wa shugabansu.

Darajar madugu ba ta wajen sauri take ba. Ana auna shi da cewa mutanen da ya tashi da su, da dabbobinsu da kayansu, sun isa kuma sun komo. Ƙungiyar masu keke da ke son yin nisa, wannan tsari shi ne nata. A naɗa madugu tun kafin a tashi. A sa jagaba wanda ya san turba, kada kowa ya wuce shi. A sa wani mai ƙarfi da haƙuri a can ƙarshe, ɗauke da famfo da kayan faci, kada ya bar kowa a bayansa. Gudun ayari kuwa gudun mai rauninsa ne. In taya ɗaya ta fashe, kowa ya tsaya.

Ƙungiya tana da wani amfani kuma da masana suka auna. Mai keke da ke gudu bisa kwalta, yawancin ƙarfinsa wajen keta iska yake tafiya. Wanda ya laɓe a bayan wani yana iya rage wajen kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa. Saboda haka ake jeruwa ɗaya bayan ɗaya, na gaba ya ja na ɗan lokaci, ya koma baya ya huta, na biye ya karɓa. Wanda ya taɓa fuskantar iskar hunturu yana nufin gabas ya san darajar wannan dabara. Amma cikin rairayi sai a buɗe tsakani, domin in na gaba ya kafe, na baya ya samu wurin kaucewa.

Hanya ta kwana uku

Bari mu ɗauki misali da ƙasar da muka sani. Ayarin samari goma ko goma sha biyu zai iya tasowa daga Gidan Sori ya nufi Gazawa, tafiyar da ta haura kilomita 120, a raba ta zango uku.

Ranar farko a bi gefen Gulbin Maraɗi, wanda ke shigowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya sake komawa Najeriya. A yada zango a Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Daga nan Maraɗi kusa ce. Malamin ayari ya nuna wa yara inda tsohon gari yake cikin fadama kafin ambaliyar 1945 ta sa aka tayar da shi zuwa kan tudu.

Rana ta biyu a kama babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram da Difa, a bi ta zuwa Caduwa. A nan haɗarin ba na ƙaya ba ne, na manyan motoci ne. A jeru layi ɗaya a hannun dama, a sa tufafi masu haske, kada a yi hira kafaɗa da kafaɗa. Inda akwai turbar amalanke da ke bin gefen kwalta, ta fi kwanciyar hankali.

Rana ta uku a wuce Agiye a isa Gazawa, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan ta daɗe ƙarƙashin Agiye. A wannan yanki ne matafiyi zai ga abin da ya sa sunan jihar Maraɗi ya zaga duniya. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 gonakin nan sun yi fayau, iska na kwashe ƙasa. Daga 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman Maraɗi suka soma abin da ake kira sassabin zamani: maimakon a sare tohon da ke fitowa daga kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi a gyara su a bar su su girma. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka an farfaɗo da wajen eka miliyan 5 ta awon hekta a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agiye yana cikin waɗanda suka yi fice. Mai mota yana wuce wannan duka cikin ƙiftawar ido. Mai keke kuwa a inuwar gawon nan zai sha furarsa, ya tambayi mai gona yadda aka yi.

Rana da ruwa da ƙaya

Lokacin da ya dace da irin wannan tafiya shi ne bayan kaka, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da safiya ke da sanyi kuma gulbi ya janye. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, tafiyar rana tsaka a lokacin nan kasada ce da rai. Da damina kuma turbobi na cikin shuka, ƙoramu na kawo ruwa ba sallama. Cikin azumi ma a dakata.

A tashi da an sallame Asuba, a yi tafiya zuwa ƙarfe 11, a sauka a huta har bayan La'asar. A tsaya kafin Magariba, kada dare ya riski kowa a hanya. Kilomita 40 zuwa 50 a yini sun ishi masu farawa. Kafin ranar tashi a yi makonni ana gwaji, yau kilomita 10, jibi 15, har jiki ya saba da sirdi. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai murza feda cikin zafi yana iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya cikin sa'a guda. Kada ya jira sai ƙishirwa ta kama shi, ya riƙa kurɓa a kai a kai. Gumi da gishiri yake fita, saboda haka a tafi da ƙunshin ruwan gishiri da sukari irin na gidan likita. In babu, a haɗa shi: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara jin jiri, ko ciwon kai, ko maganarsa ta rikice, a sauke shi nan da nan a inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, in bai dawo daidai ba a gaggauta kai shi likita. Guzuri kuwa namu na gida ya wadatar: fura, dabino, ƙuliƙuli, gyaɗa, aya, kilishi.

Game da ƙaya, kowane mahayi ya riƙe robar ciki guda ta canji, ayari kuma ya riƙe famfo biyu, faci da sholisho, sifana, abin haɗa sarƙa da ɗan mai. In an yi faci a shafa cikin taya da yatsa a hankali a ciro ƙayar, in ba haka ba za ta sake hudawa kafin a yi taku ɗari. Kowace yamma a goge sarƙa da tsumma, a ɗiga mata mai kaɗan, domin mai da yawa ƙura yake tarawa. Hular kwano kuma wajibi ce, rawani ba ya tare dutse.

Maganar da ba a ɓoyewa

Ba za mu rufe ido ga halin da yankin iyaka ya shiga ba. A 2019 dubban ƴan'uwanmu daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun ƙetaro zuwa gundumar Gidan Rumji suna gudun ƴan bindiga, kuma ƙauyukan kan iyaka na wannan gunduma da na Madarunfa sun sha fama da satar shanu da sace mutane domin kuɗin fansa. Madugun da ya san aikinsa ba ya kai ayari inda bai tambaya ba. Kafin a tsai da hanya a je wurin magajin gari, da mai gari ko hakimi, da jandarmomi, a gaya masu yawan mutane da zangon kowace rana, a kuma bi shawararsu. In sun ce a canza hanya a canza, in sun ce a dakata a dakata. A nisanci turbobin da suka karkata wajen iyaka, a kwana cikin gari a hannun mai gari, kuma wayar salula biyu aƙalla su kasance da caji. Fatake ma sukan yi kwanaki a zango suna jiran labarin hanya, ba wanda ya kira su matsorata.

Ina ribar?

Wani zai ce, mutumin da ke neman abin sa wa a baka, ina ruwansa da yawon keke? Tambaya ce mai kyau. Amsarta tana bakin hanya, wajen masu sayar da man ruwa-ruwa a kwalabe. Tun da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, masu babur da ƴan kabu-kabu na yankin iyaka sun ji a jikinsu. Keke kuwa ba ya shan komai sai ƙarfin mai shi. Saurayin da ya iya yin kilomita 50 a yini, ya iya facinsa da gyaran sarƙarsa, ya samu abin zuwa kasuwa, da abin kai saƙo, da abin zuwa makarantar sakandare da ke nesa da ƙauyensu. Nisa yana cikin abubuwan da ke raba yaran karkara da karatu, musamman ƴan mata. Saboda irin wannan ne wata ƙungiya mai suna World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, take rarraba wani ƙaƙƙarfan keke mai suna Buffalo ga ɗalibai da ma'aikatan lafiya a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya, kariyarsa tana ɗaukar kilo 100. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2018 ta keɓe ranar 3 ga watan Yuni ta zama ranar keke ta duniya. Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun fara gasarsu ta Tour du Faso tun 1987, kuma a can mata da maza ke hawa. A watan Satumba na 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar kekuna ta duniya ta kan kwalta, karo na farko a Afirka.

Akwai kuma ribar da ba a lissafa ta da kuɗi. Yaron Gidan Sori da ya kwana a Agiye, ya ci tuwon mutanen Gazawa, ya ga yadda suke renon gawo a gona, ya komo gida da abin faɗi da abin gwadawa. Wanda aka tsaya dominsa cikin rana har aka gama masa faci, ba zai manta da waɗanda suka tsaya ba. Zumunta a ƙafa take, in ji magabata, kuma keke ƙafa ce da aka ƙara wa tsawo.

Saboda haka muna kira ga magadan gari, da shugabannin makarantu, da masu kula da matasa da wasanni na gundumomin Gidan Rumji da Agiye da Gazawa, su duba wannan al'amari. Abin da ake bukata bai da yawa: ɗakin aji guda da za a kwana a kowane zango, rijiya ko famfon da za a cika gora, takardar sanarwa ga hukumomin hanya, da mai faci ɗaya da za a koya wa gyaran giya. Ku kuma da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ga aikin malamin ayari yana jiranku: ku rubuta sunayen matafiya, da garuruwan da aka ratsa, da nisan kowane zango, da wurin da ruwa yake, domin ayarin baɗi ya samu abin bi.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.